Sandar Sholpan

Akmaral tana zuba shayi kaɗan-kaɗan a gindin kofi, yadda ake girmama manya, sai surukarta Gulbarshin ta fizge butar ta cika mata nata kofin har baki. Kowa a birnin Almati na Kazakistan ya san ma'anar cikakken kofi: sha ki tafi.

"Kelin, amaryar gidan nan, ki zaɓa: ko sandar rawar nan taki ko ɗana! Matar aure ki tara mata kuna ɗaga ƙafa gaban madubi?"

"Apa, uwata, motsa jiki ne fa. Har masu ciwon baya suna..."

"Na gama magana!"

Mijinta Yerbolat ya ƙura wa burodi ido kamar yau ya fara ganinsa. Mai rantsuwar zai mutu dominta ke nan! Akmaral ta ci kukanta, ta daina zuwa ajin rawar da take koyarwa, don tana sonsa.

Zaman gida ya sa ta fara jin abin. Kullum bayan azahar, daga ɗakin ƙarshe da ake kullewa, katako yana kuka, ƙiii... ƙiii... takwas-takwas, daidai ƙidayar masu rawar bale.

"Ɗakin ƙanwata Sholpan ne," in ji Yerbolat, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara tara ke nan, tana dawowa daga makarantar rawa mota ta kaɗe ta. Ba mai shiga. Don Allah bar zancen."

Rana ta biyar ta tarar da ƙofar a ɗan buɗe. Madubi na lulluɓe da farin mayafi tun ranar makoki. Ko'ina ƙura, ban da sandar katakon da ke kafe a bango, irin wadda masu rawa ke dafawa. Ta taɓa ta. Da ɗumi!

"Kar ki taɓa wurin hannunta!"

Gulbarshin ce a bayan ƙofa, ƙafa ba takalmi, fuska sharkaf da hawaye.

"Kullum nake riƙewa in yi mata ƙidayarta. Ni na tilasta mata fita ran nan, na ce ba fashi. Sai ga ki kin shigo min gida da irin tafiyarta. Duk ranar da kika ɗauki jakar zuwa ajinki sai in ji ba za ki dawo ba."

Tausayi ya kama Akmaral. Ta rusuna, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a sandar.

"Apa, kina danne gwiwa, shi ya sa take miki ciwo. Miƙe bayanki. Ɗaya, biyu..."

Da suka kai takwas, tare suka yaye mayafin. Mata biyu ne a madubin, babu ta uku.

Da yamma Gulbarshin da kanta ta zuba mata shayi, ɗan kaɗan a gindin kofi.

"Gobe ki koma ajinki. Kuna karɓar tsofaffi?"

Da Akmaral ta yi zuciya ranar cikakken kofi, da ta rasa mijinta, ba ta kuma taɓa sanin tsoro ne yake magana a bakin tsohuwar ba. Haƙuri ne ya buɗe mata ɗakin.