Ruwan Iya Gaji

A garin Toranke akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Yarinyar kirki ce, ba ta da ƙiwuya. Aibinta ɗaya ne, gaggawa. Idan abu ya shiga kanta da safe, so take a gama shi kafin azahar.

Mahaifinta, Malam Ɗanladi, shi ne mai ba da magani a ɗakin shan magani na garin. Sunan mahaifiyarta Hanne. Su Kirista ne, kuma gida uku ne kacal na Kirista a garin. Ba su da majami'a, ba su da fasto. Ran Lahadi a zauren Malam Ɗanladi suke taruwa, su yi waƙa, su yi addu'a.

A shekarar nan aka yi babban fari. Rijiyoyi suka ƙafe, saura ɗaya a bayan gari. Ita ma sai an jira ta tara ruwa. Mutane kan jera tulunansu tun da sassafe, domin tulunka shi ne wurinka a layi. Wanda ya makara, sai ya yini a rana.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Iya Gaji. Tsohuwa ce Musulma, idonta ya yi rauni, ɗanta kuma ya tafi ci-rani Kano. Yarinyar ce ke ɗebo mata ruwa. Takan sa tulun Iya a layi kafin ta tafi makaranta, ta ɗauko shi bayan an tashi. Iya kuwa ba ta rasa 'yar aya ko goriba da za ta ba ta. Suna ƙaunar juna ƙwarai.

Wata ran Lahadi, Malam Ɗanladi ya yi wa jama'a magana. Ya ce ba fasto kaɗai aka kira ya ba da labarin Yesu ba. Manomi ma an kira shi, da mai daka, da ɗan makaranta. Ya ce an kira kowa ya yi shaida, ya kuma yi hidima.

Yarinyar ta ji rabin farko da kyau. Rabi na biyu kuwa, tuni hankalinta ya tafi gidan Iya Gaji.

Washegari ta ɗauko ruwan kamar kullum. Ta yi sallama, ta shiga, amma ba ta sauke tulun ba. Ta tsaya ƙyam a tsakar gida, tana ji da kanta kamar wata babbar malama.

Iya ta ce, "Sauke mana, 'yar nan. Wuyanki zai gaji."

Yarinyar ta ce, "Iya, daga yau sai kin saurari labarin Yesu tukuna zan sauke. Ranar da ba ki saurara ba, ba zan ɗebo ba."

Iya Gaji ta ce a hankali, "Ashe ruwan naki da sharaɗi yake. To, koma da shi. Na gode da na baya."

Yarinyar ta fita tana zumɓura baki. Ta juye ruwan a randarsu, ta ajiye tulun a ƙofar Iya. Ba ta faɗa wa kowa ba. A ganinta, ƙishirwa za ta sa Iya ta kira ta kafin gobe.

Iya ba ta kira ta ba. Talata ta wuce shiru.

Ran Laraba da ta dawo daga makaranta, ta ga mata sun cika ƙofar gidan Iya. Ta kutsa ciki, sai ga mahaifinta a durƙushe yana ɗaure wa Iya ƙafa.

Ashe Iya ce ta ɗauki sandarta ta tafi rijiya da kanta. Ta makara, ta zauna a ƙarshen layi, rana ta dake ta. A hanyar dawowa ta yi tuntuɓe ta faɗi. Tulun ya fashe, ƙafarta ta gurɗe, ruwan kuma ƙasa ta shanye shi.

Wata mata mai suna Kubura ta tambaya ina yarinyar da ke ɗebo wa Iya ruwa. Duk aka juyo ana kallonta. Ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

Sai Iya ta ce, "Ku ƙyale ta. Ni ce na ce ta koma da ruwan."

Ba ta ambaci sharaɗin da yarinyar ta sa mata ba. Wannan rufin asiri ya fi bulala zafi a wurin yarinyar.

Da suka koma gida, ta kasa cin abinci. Ta zauna gaban iyayenta ta faɗi duk abin da ta yi, tana kuka. Hanne ta riƙe baki.

Malam Ɗanladi ya ce, "Kin taɓa ganin na tambayi mara lafiya addininsa kafin in ba shi magani?"

Ta ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Allah da ya ba mu ruwa, ya sa mana sharaɗi?"

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "Nufinki mai kyau ne, amma kin ɓata shi. Kin riƙe tsohuwa da ƙishirwarta. Yesu bai taɓa yi wa kowa haka ba. Ni ma da laifina, ban tsaya na bayyana miki sosai ba."

Hanne ta tashi ta ɗauko ɗan tulun yarinyar, wanda aka sayo mata daga kasuwar Gaya. Ta cika shi daga randa, ta ɗora mata a kai. Ta ce ta kai wa Iya, kuma tulun ya zama na Iya.

Yarinyar ta shiga gidan Iya. Wannan karon tun daga ƙofa ta sauke. Ta durƙusa ta ce, "Iya, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Iya ta lalubo kan yarinyar ta shafa. Ta ce ta yafe tun ranar, ai yaro ba ya rasa wauta. Sa'an nan ta sha ruwan har moɗa biyu.

Mako uku Iya ba ta iya taka ƙafar ba. Yarinyar ce ke ɗebo ruwa, ta share gida, ta hura wuta. Idan lokacin salla ya yi, ta zuba wa Iya ruwa a buta, ta shimfiɗa mata tabarma. Ba ta sake tayar da waccan maganar ba, ko da yake bakinta yana ƙaiƙayi.

Wata rana da yamma suna ɓarar gyaɗa, Iya ta tambaye ta wa ya koya mata durƙusawa ta nemi gafara haka. Yarinyar ta ce a gida ne. Ta ce an koya musu cewa Allah yana gafarta musu saboda Yesu, don haka su ma kada su ji nauyin neman gafara.

Iya ta ce, "To, ba ni labarin nan naki. Yau ni na tambaya."

Yarinyar ta ba ta labarin a hankali, iyakar abin da ta sani. Iya ta saurara har ƙarshe. Ta ce su ma sun san Annabi Isa, suna girmama shi. Ta ce ita tana nan kan addininta, amma ta ji daɗin jin abin da ke zuciyar maƙwabtanta.

Sa'an nan ta kama hannun yarinyar ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ya ba ki mai yi miki a ranar tsufanki."

Yarinyar ta ce amin, hawaye na zubo mata. Ta koma gida cike da godiya. Ta gode wa Allah da ya warkar da ƙafar Iya, ya kuma mayar mata da ƙaunar da ta kusa zubarwa da hannunta.

Yara, an kira kowane Kirista, babba da yaro, ya yi hidima, ya kuma faɗi abin da ya gaskata. Amma ba a yin ciniki da alheri. Ku taimaki mutum domin yana bukata. Idan ya so jin labarinku, ku faɗa masa da ladabi. Idan bai so ba, ku ci gaba da kai masa ruwansa.