Kufai Sai Sanyi Ya Shigo

Ranar da Malama ta fara ganinsa, rana ake yi irin wadda kwalta ke riƙe takalmi. Ta shigo ofishinsa gumi har a gira, da takardar sunayen ɗalibai talatin a hannu. Ofishin ma dai suna ne kawai. Ɗan shago ne tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, tebur ɗaya, fanka mai ƙara kamar injin niƙa, sai ƙatuwar taswirar hamada a bango.

"Nan ne ake kai mutane kufan tsohon birnin nan na cikin hamada?"

Saurayin ya ajiye tantin da yake ɗinkewa ya ɗago. Dogo ne, rana ta gasa shi ta gaji ta ƙyale shi. Ya dube ta, ya manta allura na hannunsa har ta soke shi.

"Nan ne, ranki ya daɗe. Ni ne jagoran."

"Tarihi nake koyarwa a sakandare. Mako mai zuwa za a yi hutu, ina so ka kai ni da ɗalibaina."

"Ba yanzu ba."

"Ban gane ba."

"Bazara ce, Malama. A can ƙarfe goma na safe ba kya iya dafa dutse. Kuma zanen raƙuma da maharba da mutanen birnin suka sassaƙa a jikin bango ba ya fitowa sai lokacin sanyi, da hantsi, in hasken ya bugi bangon ta gefe. In kun je yanzu bango kawai za ku gani. Bango kuwa na san akwai a makarantarku."

Mai gyaran waya ya leƙo ta taga. "'Yar'uwa, kada ki ɓata yawunki. Duk layin nan Ba-Yanzu-Ba muke ce masa."

Ran Malama ya ɓaci. Ita mace ce mai son abu ya faru jiya. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai sana'ar da ke korar ciniki da bakinsa ba. Shi kuwa ya zuba mata ruwa mai sanyi, ya tura mata littafi ya ce ta bar lambarta, in sanyi ya shigo zai neme ta.

Bai jira sanyi ba. Washegari saƙo ya shigo:

"Salamu alaikum Malama. Yau zafi ya kai arba'in da huɗu a kufai. Da kun je, da yanzu ana kwasar ɗalibai da cokali."

Ta amsa: "Wa ya tambaye ka?"

Kashegari kuma: "Arba'in da biyar. Kin karya?"

Ta yi tsaki ta kife wayar. Bayan minti biyu ta ɗauka ta rubuta: "Na karya. Kai fa?"

To daga nan ne fa. Kafin damina ta ƙare ya daina ce mata Malama, sai Inuwata. Ita kuma saboda tsawonsa da jan ƙafarsa ta sa masa Raƙumina, ya karɓa da murna kamar an ba shi sarauta. Da sanyi ya shigo ya kai ta da ɗaliban. Suka tsaya gaban bangon da hantsi, ba komai sai dutse. Can haske ya karkato, raƙuma suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da maharba a bayansu. Yara suka sa ihu. Malama ta juyo ta ga ba bangon yake kallo ba.

"Ka kalli tarihi mana," ta ce a hankali.

"Na gan shi sau ɗari, Inuwata. Ke ce sabuwa."

Matsalar a gida take. Baba, mahaifin Malama, tsohon shugaban gidan waya ne, shekara talatin da biyar bai taɓa makara ba, kuma kowa a gidan ya ji wannan labari har ya haddace. Da Umma ta kai masa maganar auren, tambaya ɗaya ya yi: "Wata nawa yake aiki a shekara?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Yana kai mutane wata huɗu, Baba."

"Sauran takwas ɗin fa? Gadin fanka? Ni ba zan ba da 'yata ga mutumin da aikinsa ke jiran yanayi ba. Cikin mutum ba ya jiran sanyi."

Dama Baba na da nasa ɗan takarar, ɗan wani abokinsa, dillalin motoci. Ɗan Gayu ake ce masa, kuma turarensa kan riga shi yin sallama. Malama ta yi kuka har idonta ya kumbura. Umma ta yi ta lallashin maigidanta har bazara ta sake zagayowa, sannan ya ce to, zai je ya ga yaron da idonsa, amma kada a gaya masa.

Ranar Laraba Baba ya sa babbar rigarsa ya shiga shagon a matsayin baƙo.

"Samari, kufai nake so ka kai ni ranar Asabar."

"Sannu da zuwa, Baba. Ba yanzu ba, sai sanyi ya shigo."

"Ni na ce Asabar."

Jagoran ya dube shi sama da ƙasa da tausayi, irin kallon likita. "Baba, shekarunka nawa? Akwai hawan jini? Wallahi da wannan tumbin ko bakin gari ba zan kai ka ba a zafin nan. Don Allah, 'ya'yanka sun san ka fito?"

Baba ya dawo gida yana huci, ya jefar da hula a kan kujera. "Ya tambaye ni ko 'ya'yana sun san na fito! Ni! Har da tumbina ya taɓa!" Umma ta shige kicin da sauri, aka ji tana tari mai kama da dariya.

Ɗan Gayu, da ya zo gaisuwa a daidai lokacin, ya ga dama ta samu. "Haba Baba, ai ragwanci ne kawai. Motata akwai esi mai sanyin gaske, ko cikin tanda za ta shiga. Ga taswira a waya. Asabar ni zan kai ka mu dawo kafin azahar."

Ranar Asabar da sassafe suka sulale. Sai ƙarfe tara Umma ta kasa riƙe maganar ta faɗa. Malama ta ɗauki waya ta rubuta:

"Raƙumina, zauna kafin ka karanta. Tsohon nan mai tumbi na ranar Laraba Babana ne. Kuma yanzu haka yana hanyar kufai da dillalin motoci."

Amsa ta zo nan take: "Innalillahi. Ban san wanne zan fara jin tsoro ba. Sa takalmi sau-ciki, ga ni nan."

A can kuwa abin ya riga ya lalace. Wajen sha ɗaya motar ta nutse a yashi har ciki. Ɗan Gayu ya yi ta taka wuta har injin ya ɗau zafi ya mutu, esi ya bi shi. Waya babu sabis. Da Baba ya tambayi guzuri, sai aka fito da lemon kwalba biyu da kwalbar turare.

"Ga ruwa can gaba, Baba, yana ƙyalli. Mu taka."

"Kawalwalniya ce, sakarai! Ko a makaranta ba a koya muku ba?"

Harshen Baba ya fara kauri, kansa na sarawa, kuma a karon farko tsoro ya kama shi sosai. Yana waige-waige sai ya hango tarin duwatsu da aka shafa wa farin fenti, da wani faranti na ƙarfe a tsaye. Ya ja jiki ya isa. An rubuta da hannu:

"Bawan Allah, kada ka ci gaba da tafiya. Tona ƙarƙashin farin dutse, akwai jarkar ruwa da tamfol. Yi inuwa ka zauna. Ina bin hanyar nan, zan same ka."

Baba ya durƙusa ya yi tono da hannu biyu, Ɗan Gayu na taya shi da yatsa ɗaya saboda zobe. Jarka ta fito, ruwan ɗumi-ɗumi, amma Baba ya rantse bai taɓa shan abu mai daɗinsa ba.

Gab da la'asar tsohuwar motar jagoran ta iso. Suka tarar da tsohon shugaban gidan waya daga shi sai singileti a ƙarƙashin tamfol, ya jiƙa hula ya kifa a ka. Ɗan Gayu na kwance a gefe yana kiran mamarsa. Malama ta dira ta rungume Baba tana kuka tana faɗa a lokaci guda. Jagoran ya durƙusa nesa kaɗan, bai iya ko ɗaga ido ba.

"Sannu, Baba. Maganar tumbin nan..."

"Bar ta." Baba ya nuna farantin ƙarfen. "Rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Guda nawa ne irinsa?"

"Arba'in da ɗaya, daga bakin kwalta zuwa kufai. Duk mako biyu nakan zaga da asuba in canza ruwan, in tone alamomin da yashi ya binne. Shi ne aikina in ba lokacin baƙi ba."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Kowace bazara ana samun masu taurin... masu ƙarfin hali, Baba."

Baba ya sake duban farantin. Shi ma yana saurayi ya yi shekaru yana zaga akwatunan wasiƙa a kan keke, ko da wasiƙa ko babu. Ya gyara zama.

"Saura nawa a kai kufan?"

"Kilomita goma sha biyu."

"To tunda na zo, kai ni in gani."

Malama ta taka ƙafar saurayinta da ƙarfi. Ai wannan ita ce ƙofar, ya ce to kawai a wuce wurin! Ya dubi jajayen idanun tsohon da leɓɓansa da suka tsage.

"Baba, ina son 'yarka fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma ba yanzu ba. Daga nan asibiti za mu a auna jininka. In ka hana ni ita saboda haka, zan yi kuka, amma dai asibitin za mu."

Malama ta dafe kai. Baba ya miƙe ya shiga motar jagoran. Haka suka dawo, an ɗaura motar Ɗan Gayu a baya ana ja, shi kuma yana ciki ya rufe fuska da hankici.

Kwana uku Baba bai yi maganar ba. Malama ta kasa cin abinci. Ta rubuta: "Raƙumina, ka kashe mu. Kalma ɗaya ce fa, to." Ya amsa: "Na sani, Inuwata. Ni ma tun Asabar shayi kawai ke wuce min. Amma da na kai shi wani abu ya same shi, da wa za mu roƙa ya yarda da aurenmu?"

Rana ta huɗu Baba ya aika a kira shi. Ya zo ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar falo. Hancin Baba na ta saɓa, Umma ta shafa masa mai yana ƙyalli.

"Shekara talatin da biyar ina aiki," in ji Baba, "ba wanda ya taɓa ce min a'a sau biyu sai uwar yarinyar nan."

"Sau biyu kawai?" Umma ta faɗa daga bayan labule.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Sai muryarsa ta sauka. "Yaro, ni ba ƙinka nake ba. Tsoro nake kada 'yata ta nemi abu a gidan miji ta rasa. To na sha ruwan da ka binne don mutumin da ba ka sani ba. Ka turo iyayenka."

Malama da ke laɓe ta saki kuka, Umma ta riƙe ta suna yi tare.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai gyaran waya ya zo, ɗalibai talatin suka cika layi da surutu, har Ɗan Gayu ya aiko da kyautar turare. Da za a tafi da amarya Baba ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi angon.

"Gaggawa gare ta, a wurina ta gado, ka yi haƙuri da ita. Ke kuma in ya ce a jira, ki jira, ni na gwada ɗaya hanyar." Aka yi dariya, shi kuwa hawaye ne ke bin gemunsa bai share ba. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sanyaya muku gidanku, ya ba ku zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, Baba ya saki hannun.