Taliya Ba Gishiri

Kalilu ya fara ganin Saude ne ranar kasuwar Sabon Birni, shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tana zaune a rumfarta ta kayan miya. Ya tsai da babur, ya ce a ba shi kanwa.

Ta dubi ledar magungunan da ke rataye a hannun babur ɗin.

"Wa ke ciwon ƙoda gidanku?"

"Babana. Ƙaƙa kinka sani?"

"Innata ta sha irin maganin ga shekara ukku kafin ta rasu. Ba ni saida maka kanwa."

"To, Likita, rumfar ga asibiti ce?"

"Tafi gaba ka saya. Ƙafafunai za su kumbura."

Bai saya ba. Ranar kasuwa ta gaba ya dawo neman albasa, ta gaba kuma bai ma nemi komai ba. Kafin wata huɗu manyansa sun zo daga Isa sun gai da mahaifinta, Malam Halliru.

Mahaifin Kalilu, Malam Labbo, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ƙanwarsa Gwaggo Kande ce ke riƙe da gidan da tukunyarsa, kuma ɗiyarta Jamilatu ta so wa Kalilu. Ba ta ɓoye ba.

Da azumi ya kama, gidan yarinya kan aika da abinci gidan saurayi. In kwanon ya dawo wankakke da goro a ciki, an karɓa ke nan. Saude ta san likita ya hana Malam Labbo azumi, ta kuma san abin da ya hana shi ci. Ta dafa masa taliya irin wadda ta koya a Sakkwato lokacin jinyar mahaifiyarta. Ta tura wa Kalilu saƙo:

"Na aika ma Baba abinci. Ba gishiri, ba dunƙulen magi, da gangan na. Ka yi ma Gwaggo bayani. Gabana sai faɗuwa yake."

Kalilu yana ƙauyen Burkusuma da kayan fatauci, inda waya ba ta kamawa. Gwaggo Kande ta buɗe kwano, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Fara fat, lami! Mu za a aiko ma wanga? Fari ya kai ga gishiri?"

Ta rufe, ta mayar da shi cike.

Malam Halliru ya ga kwanon a tsakar gidansa, da maƙwabta biyu a tsaye. Bai ɗaga murya ba.

"Sun ba mu amsa. Kar in sake ganin babur ɗin yaron ga ƙohwata."

Sai bayan kwana biyu saƙon ya shiga wayar Kalilu. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Likitana, wallahi Baba bai ko ga kwanon ba. Za ni gyara. Ki ce mini ko uhum."

Amsarta ta zo da la'asar:

"Uhum. Mi Baba ke ci yanzu?"

Tuwo yake ci da miyar kuka, Jamilatu ke kaɗawa da kanwa da daddawa da dunƙule uku. Ba mugunta ba ce, haka kowa ke girki. Kafin sallah ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi, numfashi yana yi masa wuya. Suka kwana shida a asibiti a Sakkwato. Likita ya sallame su da takarda: ba kanwa, ba dunƙule, gishiri ɗan kaɗan, a rage tumatir da nono.

Gwaggo ta bi takardar. Ta cire komai, abin da ya saura shinkafa ce da ruwa. Malam Labbo ya kan yi loma biyu ya ture. Cikin mako biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kalilu ya daina fita fatauci.

Wata safiya ya ce, "Gwaggo, akwai mai iya dafa abin da zai ci. Kin san ta."

"In tai in roƙi ɗiyar da ni kora?"

"Ko ki zauna ki kalle shi."

Ta ɗauki mayafi, ta nufi Sabon Birni. Malam Halliru ya bar ta tsaye a zaure ya fi rabin sa'a. Da ta gama magana ya ce don mara lafiya ya yarda, ba don aure ba.

Saude ta zo Isa da ƙullinta, da rakiyar yayarta. Ta hura wuta. Shanu sun yi kudu neman ciyawa, nono ya yi wuyar samu, ita kuwa ba ta bukatarsa. Ta niƙa jiƙaƙƙiyar shinkafa, ta tace, ruwan ya fito fari kamar madara. Ta soya albasa da tafarnuwa cikin mai kaɗan, ta barbaɗa cokalin fulawa, ta zuba ruwan shinkafar tana juyawa har ya yi kauri. Ta sa kabeji da koren tattasai da masoro. Taliya 'yar murji ta dahu daban, ta tsame, ta juye a ciki, ta matsa lemun tsami.

Gwaggo ta miƙo gwangwanin gishiri.

"Ko ɗan kaɗan, ɗiyar nan."

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Tsamin lemun shi ka tsaya mai."

"Allah Shi kyauta. Abincin Turawa gidan Labbo."

Kalilu ya shiga da kwanon. Matan suka tsaya bayan labule. Suka ji ƙarar cokali sau ɗaya. Shiru. Saude ta damƙe gefen zanenta. Sai cokali ya sake ƙara, ya kuma sake.

"Kande!" in ji tsohon. "Akwai saura?"

Bai warke ba, ciwon ba mai warkewa ba ne. Amma ya ci, ya ƙara washegari, bayan kwana goma ya hau mota da kansa zuwa Sabon Birni. Ya zauna gaban Malam Halliru ya ce laifin gidansa ne, ya zo biko. Malam Halliru ya daɗe yana kallon ramar da ya yi, sannan ya ce a sa rana.

An ɗaura aure bayan babbar sallah, taro kaɗan, don shekarar ba ta biki ba ce. Da aka kawo amarya ta durƙusa gaban Malam Labbo, ya ɗora hannu a kan mayafinta.

"Allah Shi yi muku albarka, Shi ba ku zuri'a mai jinƙanku. Shi ba mu ruwa bana. Kai kuma Kalilu, in ka ɓata mata rai, kai za ka bar gidan ga."

Gwaggo Kande ce ta fara cewa amin.