Ɗan Manomin Cikin Majigi

Ranar wata Litinin a shekarar 1982, Rumasa'u Iliyasu ta kai ƙara ofishin 'yan sandan Greensboro a Amurka. An sace mata faifan majigi ranar Lahadi. Da yake Sufeto Badaru ya zo kwas daga Kaduna, sai aka haɗa shi da jami'in da ke binciken.

Rumasa'u ɗaliba ce a jami'a. Bincikenta a kan 'yan wasan majigin zamanin Turawa ne.

"Fim ɗin noman auduga ne na 1951," in ji ta. "Ba a sa sunan kowa ba, sai Manomi da Ɗan Manomi. So nake in gano sunayensu na gaskiya da shekarun haihuwarsu. Na shirya nuna wa mutanenmu da ke nan ran Asabar, ko wani zai gane wata fuska."

Sufeto ya duba ɗakinta a Wendover Avenue. Ba a fasa ƙofa ba. Rediyo da kyamara suna nan.

"Wa ke shigowa?"

"Husaini, mai furojekta. Sai maƙwabcina Malam Surajo, shi ke riƙe min makulli. Amma shi kam kamar yayana ne."

Husaini ya rantse yana laburare ranar Lahadi. Da Sufeto ya ce za su je su tambaya, sai ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ina sito ina aikin lodi. Bizata ba ta yarda da aiki ba, shi ya sa."

Maigidansa na sito ya tabbatar da hakan.

Malam Surajo ya tarbi Sufeto da shayi. Shi ma ɗalibi ne, gashinsa baƙi wuluk, har baƙin ya yi yawa.

"Ni ban ma taɓa ganin majigi ba," ya ce. "Yaro ne ni lokacin. A 1948 aka haife ni."

Sufeto bai musa ba. Ya jawo hirar gida, har suka kai ga tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Fuskar Malam Surajo ta sake.

"Kai, tashar nan! Ranar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ni na ɗaukar wa wani kofur akwatinsa. Har biskit ya ba ni."

Sufeto ya ajiye kofi a hankali.

"Malam, a 1946 sojojin Bama suka dawo."

Malam Surajo ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Surajo ƙanena ne," ya ce da ƙyar. "Ya rasu bayan ya gama sakandare. Ni yaƙi da jahilci kawai na yi, sai karatun dare. Sikolashif ba a ba wa tsoho. Na ɗauki sunansa da shekarunsa. Ni ne Ɗan Manomin. Da an nuna ran Asabar, da Alhaji Muntari, wani cikin mutanenmu na nan, ya gane ni, garinmu ɗaya. Da an kore ni gida."

"Ina faifan? Ka ƙona?"

"Na kunna ashana, na kasa. Manomin mahaifina ne. Ba ni da wani hotonsa."

Ya ɗauko faifan daga ƙarƙashin katifa, a naɗe cikin rawani.

Ba'amurken jami'in ya riƙe Malam Surajo suka fito. Rumasa'u tana tsaye a baranda. Ba ta iya kallonsa ba, shi ma bai ɗago ba.

"Ki yafe ni, ƙanwata," ya ce. "Ki rubuta. Manomi, Sanda Maigora. Ɗansa, Hudu."

"Shekarar haihuwa fa, Yaya?" in ji ta.

"Ban sani ba. Inna ta ce da kaka ne, shekarar da fara ta cinye gero."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota.

"Bismilla, Malam Hudu."