Wanda Ya Amsa Kiran Mai Eriya

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin. Matar gidan tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana wanke kofuna a bakin famfo. Shi kuwa maigidan, wanda unguwa ke kira Mai Eriya, yana ɗakinsa na baya kamar kullum, ya toshe kunnuwa da abin sauraro. Dutse na biyu ya biyo, sai na uku. Aka leƙa titi, ko kare babu.

Mai Eriya tsohon mai gyaran lantarki ne, kuma in dai batun naci ne, a sallama masa. Ba abin da yake ji da shi kamar wani tsohon rediyon soja da ya samo a gwanjo, irin na goyawa a baya, fentinsa duk ya kankare. Wata shida ya yi yana lallaɓa shi har ya farfaɗo. Ya nemo masa jakar tamfol da batir, ya ja waya daga rufi zuwa bishiyar bayan gida. Kowace yamma sai ya danna maɓalli ya yi kiran da masu wannan sha'awa ke yi: "Duk wanda ke ji na, ko daga ina ne, ya amsa." A ƙa'idarsu, wanda ya amsa maka dole ka karɓe shi, ku yi sallama kafin ka rufe. Mai son ya nuna ya ji kawai, sai ya danna maɓalli sau biyu, ƙas ƙas.

Kwana bakwai ana jifan, kullum a lokaci ɗaya. Daga nan sai aka fara jin wani shuu a falo, kamar rediyo bai kama tasha ba, alhali an kashe komai. Ran na takwas Auta, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, ta yi gum. Ta daina ci. Rana na sunkuyawa sai ta je ƙarƙashin wayar nan ta tsaya ƙyam, tana kaɗa harshe, ƙas ƙas. Likita ya duba, bai ga komai ba. Uwar ta kalli mijinta, idonta jajir.

"Malam, 'yarka tana ƙarewa, kai kana murɗa ƙarfe."

Tsoro ya kama shi a ranar, tsoro na gaske. Ya je ya ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya ko a karatu.

Malamin ya zauna a tabarma, aka zaunar da Auta gabansa. Ya daɗe yana karatu. Haske yana janyewa daga taga, ɗakin ya yi nauyi, har numfashi sai da ƙoƙari. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, wata murya ta fito, ta namiji, a shaƙe, tana yankewa kamar daga nesa.

"Ya isa, malam. Ina ji."

"Wane ne kai, me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Gayyata aka yi mini. Ina zaune a bishiyata ubanta ya ɗaura mini waya a ka. Ya ce duk wanda ke ji ya amsa. Bai ce mutum kaɗai ba. Yamma arba'in ina amsawa, yana cewa iska ce, yana murɗawa ya wuce. Na yi jifa, bai ji ba. Sai na nemi bakin da zai saurara."

Uwar ta fashe da kuka. "Ai ko ita ba saurarenta yake yi ba."

Mai Eriya ya sunkuyar da kai.

"Zalunci ka yi," in ji malamin. "Ba ita ta kira ka ba. Za ka fita."

"A ba ni shi mu riƙa hira kowace yamma."

"Ba za a ba ka ba."

Muryar ta ce, "To ya sallame ni yadda suke sallamar junansu. Ya kwance wayarsa. Amma ranar da ya ƙara amsa mini, ko da dannawa ɗaya ce, na san hanya."

Aka kawo rediyon. Mai Eriya ya danna maɓallin.

"Na ji ka. Ka yi haƙuri. Na sallame ka, na rufe."

Auta ta zube kan cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Mama, yunwa nake ji."

Washegari ya kwance wayar, ya cire batir, ya cusa rediyon cikin jakarsa ya kulle a kabad. Yanzu da yamma tsakar gida yake zama, Auta tana zuba masa surutu, yana sauraro.

Sai dai wata ran, in rana ta sunkuya, akan ji daga cikin kabad ɗin, ƙas ƙas. Yatsan Mai Eriya ya riga ya saba da amsawa, sai ya fara motsi da kansa. Auta takan kama yatsan ta riƙe gam har a kira salla.