Sheƙar da Ke Bakin Bututu

Aljani ya shiga gidan Don Anselmo Barrios a nan Tandil, har ya kusa tafiya da 'yarsa. Don Anselmo ne ya girka shi da hannunsa, wata Lahadi bayan an ci gasasshen nama.

Murhun gas ne na ɗumama ɗaki, mai bututun hayaƙi da ya huda rufi. Hunturun farko an wanye lafiya. Bayan nan sai hornero, tsuntsun nan mai gini da laka, ya ɗora sheƙarsa a bakin bututun, daram kamar an kife tukunya. Mu kuwa ba ma rusa ɗakin hornero, don arziki ne ya zaɓi gidanka. Har maƙwabta Don Anselmo ya kira su gani.

Da sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu, ya kankama aka kunna murhu. Matarsa Nelida ta cusa tsumma a 'yar kafar shigar iska da aka bari a ƙasan bango, wai sanyin da ke shigowa na tayar mata da ciwon ƙafa.

Rannan da magariba, gari ya yi tsit, ana zagayawa da ƙoƙon shayin mate, sai aka ji ƙwas! cikin bango. Kowa ya tsaya. Ƙwas! kamar ana jefo tsakuwa daga sama. Can kuma wani gurnani, ƙasa-ƙasa. Harshen wutar da aka sani shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, yana rangaji. Kyanwa ta miƙe ta fice, ba ta sake kwana a gidan ba. A duk gidan, ita kaɗai ta fahimci al'amarin.

Kowa ya kama ciwon kai, amma Romina, budurwar 'yarsu da ke karatu a gaban murhun, ita abin ya fi so. Jiri, amai, sambatu. A makaranta garau take, da ta dawo gida sai abin ya dawo.

“Rufe tagogin nan, Nelida,” in ji uban, “kada wani aljanin ya ƙaru.”

Yammacin da aka kasa tayar da ita daga kujera, aka ɗauko Doña Eufemia, tsohuwa mai magani. Ta dubi yarinyar. Ta dubi wutar da baƙin da ya yi wa bango zane, ta ɗan daɗe a nan.

“A kashe wutar nan. A buɗe ƙofa da tagogi. Baƙo ba ya fita ta bango.”

“Inna, sanyi fa…”

“Kai ne mai maganin, Anselmo?”

Aka jawo Romina bakin ƙofa. Tsohuwa ta kaɗa mata ganye a goshi, ta sunkuya. “Kai wane ne? Me kake nema a jikin 'yar mutane?”

Sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar: “Nauyi… kaina…”

“Ya ce a ba shi sheƙar da ke kan rufi, ya tafi,” in ji tsohuwa.

Waɗanda ke wurin ba su ji ya faɗi haka ba, amma ba su iya yaren ba.

Don Anselmo ya matso. “A tambaye shi ko zai karɓi kaza. Rago ma zan iya.”

Romina ta yi nishi, kanta ya langaɓe.

“Ya ce sheƙa ko yarinya, ka zaɓa. Ya ce a zare tsumman can, a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Kuma kada ka sake taɓa murhu, a kira mai lasisin aikin gas.”

“Aljanin ya san mai gas?”

“Ya daɗe a unguwar.”

Nelida ta riga ta tayar da mota. Don Anselmo ya hau tsani, ya cire hula, ya nemi gafarar tsuntsu, ya sa guduma. Babu kowa a ciki. Mai ɗakin ya tashi tun bara, sai busasshiyar laka tana zubewa cikin bututu.

Romina ta kwana da robar numfashi a hanci, ta farka tana neman abinci. Har yau Don Anselmo na gaya wa duk mai saurare cewa abin da ya kama 'yarsa ba a ganinsa, ba ya wari, kuma ta bututu yake fita. A kan wannan, bakinsa ɗaya da likitan da ya ce gubar hayaƙin murhu ce.