Esin Ɗakin Mai Jego

Ranar Talata da hantsi, Sufeto Abdulbaƙi yana zaune a ofis yana fifita da bangon fayil, sai ya ji hayaniya ta kaure a wajen kantar karɓar ƙara ta caji ofis. Zafin bazarar Wudil ba ya barin mutum ya yi fushi da kyau, amma mai maganar nan ya samo ƙarfin yi.

"Yallaɓai, ga ɓarawon nan na kawo muku shi da hannuna!"

Alhaji Haladu ne, dillalin shanu a Kara, mutum mai faɗin kafaɗa da faɗin murya. Ya shaƙo wuyan rigar wani siririn saurayi mai jakar kayan aiki. Sufeto ya san saurayin. Tasi'u mai esi ne, wanda rabin na'urorin sanyaya ɗaki na garin nan shi ya ɗaura su.

"Sake masa riga tukuna, Alhaji. Me aka sace?"

"Esi! Esin ɗakin mai jego. Jiya na kai iyalina asibiti a duba jariri, muka dawo muka tarar da bango fayau. Kwana yaron ya yi yana kuka, ga shi gobe suna."

"Me ya sa ka ce shi ne?"

"Shi ya ɗaura, shi ya san yadda ake cirewa. Kuma maƙwabta sun gan shi a ƙofar gidana jiya da safe."

"Barka na je yi, ranka ya daɗe," in ji Tasi'u. "Na yi sallama aka ce maigida ba ya nan, na juya. Yallaɓai, ni sana'ata a cikin gidajen mutane take. Har ɗakin matan aure ake shigar da ni. In gobe aka taru wajen suna aka ce Tasi'u ɓarawo ne, wallahi ba wanda zai sake ɗaga mini labule a garin nan."

Maganar ta taɓa Sufeto, don ya san garin. A Wudil in labari ya shiga taron suna da safe, kafin azahar ya ƙetare gada. Ya sa aka zaunar da Tasi'u a bayan kanta, aka ba shi ruwa, sannan ya kira Kofur Esta. Gidan mai jego za a je, kuma akwai inda sai mace.

Da suka isa, bayan gidan suka fara zagayawa. Injin waje yana nan daram a kan ƙafafunsa na ƙarfe, ko kwarzane babu.

"Wannan ne farkon ɓarawon da na gani mai ƙyamar jan ƙarfe," in ji Sufeto. "Duk wanda muka taɓa kamawa, na waje yake ɗauka. Shi ne a sarari, shi ne mai nauyin kaya. Wannan kuwa ya tsallake shi ya shiga har ɗaka."

"Ai da na cikin ya bar mini," in ji Alhaji Haladu. "Da na ɗauka akwatin ado ne kawai, injin gaske shi ne wannan. Jiya na gane kurena."

"Ba kai kaɗai ba. Nawa ya taɓa lalacewa, sai da uwargida ta karantar da ni ba shiri. Na ciki shi yake jan iskar ɗakin, ya tace ƙura, ya tsotse laima, ya dawo da ita da sanyi. Wannan na waje aikinsa ya zubar da zafin da aka miƙo masa. In babu na ciki, ba shi da wanda zai miƙo masa komai."

Ya tsugunna ya duba gefen injin. An kulle gas a ciki tsaf. Bakin bututun nan biyu kuma an naɗe su da jan salatif, naɗi mai kyau, don kada ƙura ta shiga.

"Ɓarawo zarto yake sa wa bututu, gas ya tsere, shi ma ya tsere. Wanda ya yi wannan yana da niyyar a mayar da abin wata rana."

"Ka gani!" Alhaji ya tafa hannu. "Aikin gwani ne. Tasi'u!"

Sufeto bai ji daɗin wannan ba, domin gaskiya ne, hujjar ta ƙara matse yaron.

Kofur Esta ta fara shiga ciki, ta sanar, aka gyara, sannan aka yi wa Sufeto iso. Yana ɗaga labule zafi ya doke shi a fuska. Tagogi a rufe ruf. A kusurwa kuma, a tsakiyar bazara, ga kaskon garwashi yana ta aikinsa. Khaulat, matar Alhaji, tana zaune a bakin gado cikin mayafi, gumi yana bin wuyanta. Jaririn yana cinyarta, ƙurajen zafi sun feso masa a goshi.

"Sannu da jego, Hajiya. Allah ya raya."

"Amin, ranka ya daɗe. Ku dai ku taimaka ku nemo mana abin nan. Malamar asibiti ta ce a kunna shi daidai-daidai, kada dai ya riƙa hura wa yaro kai tsaye. Da yana nan barci muke yi har da minshari."

"Wa ya ajiye garwashin nan?"

Khaulat ta yi murmushin gajiya. "Gwaggo Mairo. Daga Lajawa ta zo yi mini wanka. Ita ta raine ni, ba na iya musu da ita."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi bango. Ga ƙarfen da ake rataye esin, ga inuwar inda ya zauna. Ramin da bututu yake bi ya fita waje kuwa an cusa masa tsumma, an danna sosai. Esta ta hau kujera ta zaro shi. Ƙyallen atamfa ne shuɗi mai zanen ganye.

"Oga," ta ce a hankali, "ɓarawon nan yana da tausayi. Har ya toshe rami kada iska ta shigo wa mai jego."

Sufeto ya danne dariya, ya ce ta adana ƙyallen.

A tsakar gida suka sami Gwaggo Mairo a gaban murhu. 'Yar tsohuwa ce gajeriya mai kuzari, tana tura itace a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya da ganyen darbejiya yake tafasa a ciki. Sai da aka gaisa, aka tambayi gida da gona da mutanen Lajawa, kafin Sufeto ya shiga magana.

"Gwaggo, jiya da aka tafi asibiti, kina gida?"

"Ina nan, ban nan. Na leƙa maƙwabta neman kanwa, ta kunu."

"Kin daɗe?"

"To, ka san gaisuwar mata."

"Wa ya shigo gidan?"

"Ba kowa, ɗan nan."

Sufeto ya dubi tulin itacen da ke jikin katanga. Sabon sara ne, ya kusa kai ƙirjin mutum.

"Itacen nan fa, da ƙafarsa ya zo?"

Gwaggo ta gyara wuta da ba ta buƙatar gyara. "Yahuza ne ya kawo."

"Kin ce ba kowa."

"Yahuza ai ba kowa ba ne. Ɗana ne."

"Mene ne sana'arsa?"

"Yana dai taɓa 'yan gyare-gyare."

Alhaji Haladu ya kira Yahuza a waya, ba a jima ba sai ga shi a kan babur. Mai gyaran firji ne a bakin titi. Yana ganin kaki ya kashe babur tun daga nesa, ya ƙaraso yana turawa, kamar mai son hanyar ta ƙara tsawo.

"Ka iya cire esi?" in ji Sufeto.

"Ni? Haba Yallaɓai. Ni firji kawai na sani. Esi ko kunna shi ban iya ba."

"Firji ba ya aiki da gas?"

"Yana yi, amma gas ɗin... daban ne."

Sufeto ya miƙa hannu ya zare wani abu da ke rataye a kan babur ɗin. Jan salatif ne, an ci rabinsa. Yahuza ya dubi salatif, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa.

"Ni dai itace aka ce in kawo," ya ce da ƙaramar murya.

Esta ta matso kusa da Sufeto ta nuna masa igiyar shanya da ido. Akwai shuɗin zani mai zanen ganye a kai, an yage masa gefe ɗaya.

Sufeto ya riga ya gane. Amma ya san irin Gwaggo Mairo, in ka tsare su da tambaya sai ku kai magariba kuna zagaye tukunya. Don haka ya juya wajen Alhaji ya ɗaga murya.

"To Alhaji, tunda ba wanda ya ga komai, shi ke nan. Gobe da safe sai mu miƙa Tasi'u kotu."

Gwaggo ta ɗago. "Wane Tasi'u?"

"Yaron da ya ɗaura esin. Alhaji ya kawo mana shi, yana bayan kanta tun safe."

"An kulle ɗan mutane?" Ta juya kan Alhaji. "Kai da ka ce mini kasuwa za ka neman ragon suna?"

"Na biya ta can ne, Gwaggo."

Ta saki itacen da ke hannunta, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaron da ya durƙusa ya gaishe ni jiya? A'a. Wallahi ba za a kai shi ko'ina ba. Ni ce. Ni na sa Yahuza ya cire, na ce in ya faɗa ban yafe ba."

Alhaji Haladu ya buɗe baki. Da wani ne, da an ji shi har Kara. Amma suruka ce, sai ya cire hula ya share gumi ya mayar.

"Me ya sa, Gwaggo?" in ji Sufeto.

"Ɗan nan, mai jego ɗanyen jiki ne da ita. Mu da muka haihu, ruwan zafi da wuta muka sani. Na zo na tarar da abu a bisa kan yarinya yana hura mata sanyi dare da rana. Na zagaya baya, na ga yana ɗigar da ruwa ta wani siririn bututu, har bokiti yake cikawa. Na ce ruwan nan daga ina? Ba a zuba masa ba. Ashe jikin yarinyata yake tsotsa! Na yi magana, aka yi mini dariya. Uwarta ta bar mini ita tana goye, Sufeto. Ba zan zauna ina kallo sanyi ya shige ta ba."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Khaulat, da ta fito bakin ƙofa da jariri, idonta ya ciko.

"Ruwan iskar ɗakin ne, Gwaggo," in ji Sufeto a tausashe. "Irin wanda yake tsatsafowa a bayan kwanon ruwan sanyi. Ba na jikinta ba ne. Dubi goshin jikanki."

Gwaggo ta karɓi yaron ta dubi ƙurajen. Ta daɗe tana kallo. "Jiya ban runtsa ba da kukansa," ta ce. "Na ce ko ciki ne."

"Ina abin yake?"

Ta nuna tulin itace. Yahuza ya shiga kwashewa da saurin wanda aka sauke wa kaya. A ƙasa sai ga esin, fari tas, an naɗe shi da bargon Gwaggo na ƙauye, an ɗaure da igiya, rimot ɗinsa a cikin safa.

"Cewa na yi bayan arba'in a mayar," in ji ta. "Ni ban taɓa cin kayan wani ba."

A nan ne Esta ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya. Khaulat ta kama, Alhaji ma ya bi, yana cewa ya janye ƙara, ya janye har abada.

"Janyewa a ofis ake yi," in ji Sufeto. "Gwaggo, sai kin bi mu."

Ta yafa mayafi ba gardama. Aka buɗe mata gaban mota, Yahuza ya hau baya yana rungume da esin.

A caji ofis ba ta jira an nuna mata hanya ba. Ta wuce bayan kanta kai tsaye, ta tsaya a gaban Tasi'u.

"Ɗan nan, ka yafe mini. Ni ce ɓarauniyar."

Tasi'u ya miƙe, sai hawaye. Da aka gama rubuce-rubuce, Sufeto ya ce direba ya mayar da su. Gwaggo ta ce sam, a kai esin a mota, ita da yaron a ƙasa za su koma.

Sufeto ya bi su a baya don ya ga ƙarshen abin. Ta riƙe hannun rigar Tasi'u, ta bi da shi ta gaban masu shayi, da masu faci, da 'yan acaɓa. Duk inda ta ga mutum biyu a zaune sai ta tsaya.

"Kun ga yaron nan? Bai ɗauki komai ba. Ni na ɗauka. Mairo daga Lajawa, in an tambaye ku."

Kafin su kai gida, yara da manya sun biyo su ana ta dariya, wasu suna miƙa wa Tasi'u hannu. A ƙofar gida ana kafa rumfar suna, ragon yana ɗaure a gindin bishiya. Alhaji Haladu ya fito gaban jama'a ya riƙe hannun Tasi'u da hannu biyu, ya ba shi haƙuri da muryar nan tasa da ba ta san raɗa ba.

Tasi'u ya saɓa tsani don ya mayar da esin, ya bi ta soro. Da ya isa ƙofar ɗakin mai jego sai ya ja ya tsaya, ya yi sallama, ya sunkuyar da kai yana jira.

Gwaggo Mairo ta wuce gabansa, ta fito da kaskon garwashi ta dire a waje. Sannan ta kama labulen da hannunta ta ɗaga shi sama.

"Shigo, ɗan gida. Ni zan riƙe maka tsanin. Amma ka ɗaga wa esin baki ya dubi rufi, ina nan ina kallonka."